Yadda Za Ka Zaɓi Taransifoma Kuma Ka Kawar Da Ƙugi A Amfilifayar Da Ka Haɗa Da Kanka

Yau za mu ɗan ajiye manhajoji a gefe mu taɓa ƙarfe. Darasin na waɗanda suka gaji da siririn sautin wayar hannu ne, suka sayi bod ɗin amfilifaya da nufin haɗa wa kansu sifika mai ƙarfi.

Ni ba injiniyan lantarki ba ne. Sana'ata rubuta manhaja, ita ma a gaban kwamfuta na koye ta. Amfilifayata ta farko bod ne mai IC ɗin TDA2030. Na je neman taransifoma 12-0-12 ban samu ba, mai shagon ya miƙo mini 15-0-15 ya ce duk tafiyar ɗaya ce. Ko waƙa biyu ban gama ji ba IC ta yi "tas", ɗaki ya ɗauki ƙauri. Da na sake haɗawa da taransifomar da ta dace, sai wata matsalar ta fito: ƙugi mai "huuum" wanda ba ya tsayawa ko an dakatar da kiɗa. Na naɗe taransifomar da takardar alminiyam har ninki biyar, ƙugin bai ragu ba. Abin da ya rage shi a ƙarshe shi ne matsar da taransifomar da kamar taƙi ɗaya da kuma sake wa kebul biyu hanya.

Darasin da na ɗauka ke nan: da lissafi ake zaɓar taransifoma, da tsari ake kashe ƙugi, rufi da ƙarfe kuwa shi ne mataki na ƙarshe. Da yake kalmar "waya" tana nufin abu biyu, duk inda na ce waya a nan ta hannu nake nufi, ta wuta kuma zan ce kebul.

Aikin taransifoma, da inda ya shafi wayarka

Wutar soket a Najeriya bolt 230 ce, ta AC, mai kai da komo sau 50 a kowace daƙiƙa, wato 50Hz. Amfilifaya kuwa DC take so mai ƙarancin bolt. Taransifoma tana sauke bolt ɗin, dayod huɗu su mayar da shi DC, manyan kafasito su daidaita shi.

A cikinta akwai naɗin jan ƙarfe biyu a kan ƙarfe guda. Naɗin farko yana karɓar wutar soket, naɗi na biyu yana ba amfilifaya. Ba sa taɓa juna, ƙarfin maganaɗisu ne kawai ke ɗaukar wutar daga wannan zuwa wancan. Wannan rabuwar ita ce aikinta na biyu, kuma ta fi na farkon muhimmanci. Idan ka jona waya da kebul ɗin AUX, jikin wayar ya haɗu da GND na amfilifaya ke nan. In babu rabuwa tsakanin naɗin biyu, wutar soket tana iya biyo kebul ɗin har tafin hannunka. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Lissafi na farko: bolt

Lambar da aka rubuta a jikin taransifoma ta AC ce. Bayan dayod da kafasito, DC ɗin da zai fito ya fi ta yawa. Ƙa'idar ita ce ka ninka da 1.414, sannan ka cire kamar bolt 1 na dayod.

12-0-12 tana ba da kusan ±16V.
15-0-15 tana ba da kusan ±20V.
18-0-18 tana ba da kusan ±24V.
24-0-24 tana ba da kusan ±33V.

Yanzu duba iyakar IC ɗin da aka fi samu a kasuwa. TDA2030 ba ta ɗaukar fiye da ±18V, shi ya sa tawa ta ƙone da ±20V. TDA2030A, mai harafin A a ƙarshe, tana kai ±22V. LM1875 tana kai ±30V, don haka 18-0-18 ta yi mata daidai. TDA7294 tana aiki har ±40V, ana yawan ba ta 24-0-24. LM3886 tana ba da wat 68 a sifika mai om 4 idan ta sami ±28V. TPA3116 kuwa, wadda ke kan bod masu Bluetooth da yawa, layi ɗaya take ci, kuma iyakar aikinta 26V ce. Idan ka ba ta taransifoma mai 18V za ta ga kusan 24V zuwa 25V, ta tsaya a bakin rami. Mai 15V ta fi kwanciyar hankali, ko cajar kwamfutar cinya mai 19V.

Kada ka tsaya dab da iyaka, saboda dalilai biyu. Na ɗaya, ana rubuta bolt ɗin taransifoma ne a lokacin da take ɗauke da cikakken kaya. Idan babu kaya, ƙananan taransifoma sukan haura da kashi 10 cikin 100 ko fiye. Na biyu, wutarmu ba ta zama wuri ɗaya. Duk kason da wutar soket ta ƙaru da shi, naɗi na biyu ma zai ƙaru da shi. Wanda ya gwada injinsa da yamma lokacin da wuta ta yi ƙasa, zai iya rasa IC da tsakar dare lokacin da ta cika. Ka bar ratar aƙalla kashi 15 cikin 100 tsakanin lissafinka da iyakar IC. Haka kafasito: layin 33V yana son kafasito mai 50V, mai 35V ya yi kusa da yawa.

Lissafi na biyu: VA

VA shi ne ƙarfin taransifoma, wato bolt sau amfiya. Kafin ka san VA nawa kake buƙata, sai ka san wat nawa amfilifayar za ta iya bayarwa da gaske. Manta da "3000W PMPO" da ake mannawa a kwali, lambar talla ce.

Ga yadda ake yi. Ɗauki bolt na layi ɗaya, cire kamar 4 da IC ke cinyewa, ninka abin da ya rage da kansa, sannan ka raba da ninki biyu na om ɗin sifika. Misali TDA2030A a ±16V da sifika mai om 4: 16 a cire 4 saura 12, 12 sau 12 ya ba da 144, a raba da 8 ya ba da wat 18. Sifika biyu wat 36 ke nan.

Irin waɗannan IC, ajin AB, ba sa mayar da duk wutar da suka ci sauti. Ko a takarda iyakarsu kashi 78.5 cikin 100 ce, a aikace kuma ba sa kai haka, sauran zafi yake zama. Don haka masu haɗa amfilifaya suke ninka jimillar wat da 1.5 zuwa 2. Wat 36 na son VA 54 zuwa 72. Taransifoma 12-0-12 mai amfiya 3 ta gaskiya, 24 sau 3 ke nan, VA 72.

Na ce "ta gaskiya" ne don rubutun jiki ba ya rantsuwa. Akwai masu arha da aka naɗa da alminiyam maimakon jan ƙarfe, akwai waɗanda ƙarfensu ya yi ƙanƙanta da lambar da aka buga. Idan biyu suna da lamba ɗaya, ɗaga su ka ji, mai nauyin ta fi kusa da gaskiya. In ka isa gida gwada ta da ƙwan mota mai 12V 21W, wanda ke jan kusan amfiya 1.75. Sa ƙwai ɗaya a kowane ɓangare na 12V, bar su rabin awa, ka auna bolt. Idan ya faɗi ƙasa da 12 sosai, ko ka cire fulogi ka ji ba ka iya ajiye hannu a jikinta, ba ta kai abin da aka rubuta ba. Alamarta a cikin kiɗa ita ce sauti ya shaƙe duk lokacin da ganga ta buga.

EI ko mai zobe?

Mai murabba'i, wadda ake kira EI saboda siffar faifan ƙarfenta, ita ce aka fi samu. Tana da sauƙin kuɗi, tana jure wahala, in ta ƙone masu naɗin koyil za su sake naɗa ta. Aibinta shi ne tana zubar da ƙarfin maganaɗisu a kewayenta, kuma shi ne tushen ƙugi.

Mai zobe, wadda take kamar gammo, zubarta kaɗan ce, kuma ta fi sauƙin nauyi a VA ɗaya. Amma ta fi tsada, tana fizgar wuta da yawa a daidai lokacin kunnawa, kuma tana da tarko ɗaya: kusar da ke ratsa tsakiyarta kada ta taɓa ƙasan akwatin ƙarfe da murfinsa a lokaci guda. In ta taɓa duka biyu ta zama naɗi ɗaya rufaffe, wuta mai yawa za ta bi ta, taransifomar ta yi zafi har ta ƙone.

Ga mai farawa da wat 20 zuwa 50, EI mai kyau da aka ajiye a inda ya dace ta isa.

Waɗanda za ka guje wa

Ta cikin sitabilaiza. Yawancinsu naɗi ɗaya ne da aka fitar wa rassa, babu rabuwa tsakanin shiga da fita. Wannan ita ce wadda za ta kawo wutar soket jikin wayarka. Haka yawancin taransifomar da ke sauke 220 zuwa 110.

Ta cikin na'urar ɗumama abinci ta maikurowef. Tana fitar da kusan bolt 2,000, kuma tana kisa nan take. Ko bidiyo nawa ka gani ana wasa da ita, kada ka taɓa.

Ta kayan gwanjo da aka yi don Amurka ko Japan. Wutar Amurka 120V ce a 60Hz, ta Japan 100V. In ka sa su a soket ɗinmu hayaƙi za ka gani.

Kowace taransifoma ka samo, ko sabuwa ko ta tsohuwar rediyo, auna ta da mita kafin ta ga wuta. Naɗin farko shi ne mai om da yawa, na biyu om ɗinsa kaɗan ne. Tsakanin naɗin farko da na biyu dole mita ta nuna babu haɗi ko kaɗan. Haka tsakanin kowane naɗi da jikin ƙarfen. In ta nuna haɗi, ajiye ta.

Gano irin ƙugin kafin ka nemi magani

A rubutun manhaja ba ma gyara kuskure sai mun gano layin da yake, kuma abu ɗaya muke canzawa a lokaci guda. Haka za ka yi a nan.

Da farko cire sifika ka saurara. Idan ƙarar tana nan, jikin taransifomar ne ke rawa. Ɗaure kusoshinta, ka sa roba tsakaninta da akwati.

Na biyu, mayar da sifika, cire AUX, ka haɗa mashigar sauti da GND da guntun kebul. In ƙugin ya ɓace, daga waje yake shigowa, ta kebul ko ta wayar. In yana nan, a cikin akwati yake.

Na uku, murɗa maɓallin ƙara sauti. In ƙugin yana ƙaruwa tare da shi, kafin maɓallin yake shiga. In bai damu da shi ba, duba ɓangaren wuta da GND.

Na huɗu, cire wayar daga caji. Caja da yawa suna tura tsuwa da ƙaiƙayin sauti ta AUX. In ƙarar ta tafi, ka sami mai laifi.

Na biyar, bari wayarka ta taimaka. Sauke manhajar nazarin sauti irin Spectroid, ka kara makirufo kusa da sifika. Layi mai tsayi a 50Hz, wani lokaci da 150Hz, yawanci yana nuna maganaɗisun taransifoma ne ke shiga kebul ɗin sauti. Layi a 100Hz da 200Hz da 300Hz yana nuna ɓangaren dayod da kafasito, domin sau 100 a daƙiƙa ake cika kafasito. Yi gwajin da wutar NEPA, don ƙaramin janareta ba ya riƙe 50Hz daidai. "Dit-dit-dit" ɗin da kake ji gab da shigowar kira kuwa ba na taransifoma ba ne, siginar GSM ce mai bugawa sau 217 a daƙiƙa. Nesanta wayar da akwatin.

Abu biyu ake karewa, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne

Taransifoma tana watsa abu biyu: tasirin lantarki da tasirin maganaɗisu. Na lantarki yana da sauƙi, kowane siririn ƙarfe da aka haɗa da GND yana tare shi. Shi ya sa kebul ɗin sauti yake da saƙar jan ƙarfe a kewaye. Na maganaɗisu a 50Hz ratsa siririn ƙarfe yake kamar babu shi. Kafin jan ƙarfe ya rage shi zuwa kamar sulusi, sai kaurinsa ya kai kusan milimita 9, alminiyam kuma fiye da haka. Takardar da na naɗa ko ninki ɗari na yi ba za ta kai nan ba. Don haka bi wannan jerin, daga na kyauta zuwa na kuɗi.

Nisa. Tasirin maganaɗisu yana raguwa da sauri ƙwarai. Da zarar ka ɗan fita daga jikin taransifoma, ninka nisa sau biyu yana iya mayar da shi kusan kashi ɗaya cikin takwas. Sa taransifoma a kusurwa ɗaya, mashigar AUX da maɓallin sauti da bod ɗin Bluetooth a kusurwar da ta fi nisa. Sayi akwatin da ya fi wanda kake tsammani girma.

Juyi. EI ba ta zubarwa daidai ta kowane ɓangare. Kafin ka huda akwati, kunna ka saurara, cire fulogi, juya ta kwata, sake kunnawa. Gwada ta a tsaye da a kwance. Inda ƙugi ya fi yin ƙasa nan za ka ɗaure ta. Kada ka juya ta tana jone da wuta.

Tufka. Duk kebul biyu da ke kai wuta da dawo da ita, tufke su kamar igiya: na soket, na naɗi na biyu, na sifika. Faɗin da ke tsakanin kebul biyu shi ne tagar da ƙugi ke shiga da fita, tufka tana rufe ta. Kebul ɗin sauti kada ya jera da na wuta. In dole su haɗu, su gitta juna.

Shinge. In har yanzu da saura, sa faifan baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 1 zuwa 2 tsakanin taransifoma da bod. Ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa shi ke jan tasirin ya bi ta cikinsa. Gwada da maganaɗisun tsohuwar sifika, in bai manne ba bai dace ba. Bar ɗan fili tsakanin shingen da taransifoma, kuma kada ka toshe mata iska.

Ɗamara. A cikin wasu tsofaffin amfilifaya za ka ga faffaɗan jan ƙarfe da aka zagaye EI da shi, aka like bakinsa da dalma. Yana rage zubar maganaɗisu. Sharaɗinsa shi ne ya bi ta wajen ƙarfen gaba ɗaya, ya rungumi ƙafafu ukun. In ya ratsa ta tagar ƙarfen ya zagaye ƙafa ɗaya, ya zama rufaffen naɗi, taransifoma za ta ƙone.

Labulen ciki. Idan naɗa maka za a yi, roƙi mai naɗin ya sa siririn faifan jan ƙarfe tsakanin naɗin farko da na biyu, da takardar kariya sama da ƙasa, ya fitar masa da kebul ɗaya da za ka kai layin ƙasa. Yana tare dattin da ke biyo wutar soket daga caja da ƙwan LED da inbata. Shi kuma akasin ɗamara ne: bakinsa biyu kada su taɓa juna.

Akwai wani ƙarfe na musamman da ake kira mu-metal, wanda yawancinsa nikel ne, ya fi baƙin ƙarfe iya wannan aiki nesa ba kusa ba. Yana da tsada, kuma lanƙwasa shi yana rage masa ƙarfi. Amfilifayar ɗaki ba ta buƙatarsa.

GND: inda yawancin ƙugin 100Hz yake ɓuya

Kafasito ba a hankali yake cika ba, fizga yake yi, gajera mai ƙarfi. Wannan fizgar tana bin kebul ɗin tsakiya na taransifoma. Idan GND na sauti ya raba hanya ɗaya da ita, ko ta santimita kaɗan ce, za ka ji ta a sifika, kuma babu shingen da zai hana.

Kai kebul ɗin tsakiya kai tsaye zuwa mahaɗar manyan kafasito biyu. Daga mahaɗar fitar da guntun kebul mai kauri, ƙarshensa ya zama cibiya. GND na bod, na sifika da na mashigar sauti kowanne ya zo cibiyar da kebul ɗinsa. GND ya taɓa akwatin ƙarfe a wuri ɗaya tak. Soket ɗin AUX mai jikin ƙarfe yakan zama wuri na biyu ba ka sani ba, don haka yi amfani da mai jikin roba.

Girman kafasito ma lissafi ne. Raba amfiyar da ake ja da 100 sau girman kafasito a farad. Amfiya 1 a kan 4,700µF tana barin tangaɗin kusan bolt 2, a kan 10,000µF kusan bolt 1. Ga amfilifayar wat 20 zuwa 30 sau biyu, 4,700µF zuwa 10,000µF a kowane layi ya wadatar.

Idan bod ɗin Bluetooth ne ke kawo tsuwa saboda yana cin wuta ɗaya da amfilifaya, ba shi nasa wutar daban, ko ka sa ƙaramin mai raba wuta irin B0505S a layinsa na 5V.

Kafin ka kunna

Sa fiyus a layin wuta kafin naɗin farko. VA 72 a raba da 230 ya ba da kusan amfiya 0.3, don haka fiyus 500mA mai harafin T, wanda ke jure fizgar kunnawa, ya dace. Kada ka maye gurbinsa da zaren kebul.

Kunnawar farko ta bi ta ƙwan fitila irin na da mai zare, 60W, a jere da layin wuta. In ya haska ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske sosai, akwai haɗewa, kashe ka duba. Ƙwan LED ba ya wannan aiki.

Akwatin ƙarfe dole ya haɗu da layin ƙasa na fulogi mai ƙafa uku, kuma kada ka yanke wannan layin don kashe ƙugi. Gidaje da yawa soket ɗinsu ba shi da layin ƙasa na gaske. In naka haka yake, kira mai aikin wuta ya duba, kafin nan kuma yi amfani da akwatin katako ko roba mai ramukan iska, ka rufe duk mahaɗin 230V yadda yatsa ba zai kai ba.

Kafasito yana riƙe wuta bayan an cire fulogi. Sauke shi da rezisto mai om 1,000 da wat 5, ka auna da mita kafin ka sa hannu. Gwajin farko kuma kada ka yi da wayar da kake ji da ita ko sifikarka mai tsada. Auna mafitar sifika tukuna, DC ɗin da ke wurin ya zama kusa da sifili.

Idan ba ka taɓa aiki da wutar soket ba, fara da bod ɗin TPA3116 da cajar kwamfuta mai kyau, ko ka kai ɓangaren 230V wurin mai gyaran rediyo ya haɗa maka kana kallo. Ba abin kunya ba ne, ni ma haka na yi a karo na biyu.

A darasi na gaba, in Allah ya yarda, za mu duba yadda ake lissafin ƙarfen shan zafi na IC, da yadda ake gane IC na jabu kafin a biya kuɗi. Sai mun haɗu.